Batirin Jitar Bes: Ba Kiɗa Ke Cinye Shi Ba

Idan aka zo maganar wuta, jitar bes iri biyu ce. Akwai wadda ba ruwanta da batir: maganaɗisun da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda makaɗa ke ce wa fikof, shi ke juya kaɗawar tsirkiya ta koma 'yar wuta, ta bi waya ta isa amfilifaya. Haka Precision Bass da Leo Fender ya fitar a 1951 take, haka ma Jazz Bass ta 1960. Akwai kuma mai batir, wadda aka dasa wa ɗan injin ƙara ƙarfin sauti a cikinta, wato firiyam. Kamfanin Alembic na Kalifoniya, da aka kafa a 1969, yana cikin waɗanda suka fara wannan dabara, sai dai jitocinsa na masu hannu da shuni ne. Music Man StingRay ta 1976 ce ta sauko da abin har ya kai ga gama-garin makaɗa. Yau ko jita mai matsakaicin kuɗi ka juya bayanta, sau da yawa za ka ga ɗan murfin batir.

Amfanin ba ɓoyayye ba ne. Jita marar batir rage sauti kawai take iya yi, mai batir kuwa tana ƙara kauri ko kaifi daga jikinta, kuma sautinta ba ya dusashewa ko da wayar ta yi tsawo. Kuɗin da ake biya shi ne ranar da batir ya mutu, yawancinsu shiru suke yi ɗif, ko su kama kukan da ya fi shirun muni. Makaɗa da yawa kan ɗora laifin a kan jitar, su ce tana da cin batir. Kafin ka yarda da wannan, duba inda wayar ke kwana.

Makunnin da ba a gani

Jita mai batir ba ta da maɓallin kunnawa da kashewa. Ramin da ake soka waya, wato jak, shi ne makunnin. A jita marar batir ƙafa biyu gare shi, a mai batir kuwa uku ne. Ƙafa ta ukun an haɗa ta da baƙar wayar batir, ta tsaya ita kaɗai ba ta taɓa komai. Da ka soka kan waya, dogon ƙarfen jikinsa sai ya haɗe wannan ƙafa da ta ƙasa, wuta ta sami hanyar zagayawa, firiyam ya tashi. Daga wannan lokaci batir na aiki, ko kana kiɗa ko ba ka yi.

A nan ake yawan ruɗewa. Kashe amfilifaya ba ya tsayar da komai. Murɗe maɓallin ƙara zuwa sifili ba ya tsayar da komai. Zare wayar daga ɓangaren amfilifaya a bar ta rataye a jikin jita, shi ma aikin banza ne, domin jak ɗin jitar bai san abin da ke ɗaya bakin ba. Ƙarfe kawai yake ji a cikinsa. Ɗan na'urar nan marar waya da ake maƙala wa jita ita ma kan waya gare ta, don haka hukuncinsu ɗaya. Sai an zare daga jikin jitar sannan batir ke hutawa.

Wannan tsari shi ke bayyana wata matsala da kan sa mutum ya zaci jitarsa ta lalace. Idan ka ɗauki waya mai zobe biyu a kai, irin ta sitiriyo, ka soka, ƙafa ta ukun za ta sauka a kan zoben tsakiya maimakon dogon ƙarfen, firiyam ya ƙi tashi ko ya riƙa yankewa. Wayar jita zobe ɗaya gare ta. Ka duba wannan kafin ka kwance ko sukuru ɗaya.

Lissafin da ya kamata kowa ya yi sau ɗaya

Batirin da ake magana a kai shi ne ɗan mai kusurwa huɗu ɗin nan mai bolt 9, wanda ƙananan batura shida ne masu bolt 1.5 aka jera a cikin gwangwani guda. Abin da yake ɗauke da shi ana auna shi da mAh, abin da firiyam ke ja kuma da mA. Ka ɗauki na farkon a matsayin ruwan da ke cikin randa, na biyun kuma girman hudar da ke gindinta. Raba na farko da na biyu, ka sami awannin da za a yi kafin ta ƙafe.

Batirin alkalin mai kyau yana ɗauke da wajen mAh 500 zuwa 600. A ce firiyam ɗinka na jan mA 1, wanda ba baƙon adadi ba ne, ka ga awa 500 ke nan. Mai kaɗa awa biyu kullum, yana zare waya idan ya gama, zai kai kwana 250, sama da wata takwas. Wanda kuwa ya jingine jita da waya a jikinta, mako guda awa 168 ne, cikin mako uku batir ya tafi. Jita ɗaya, batir iri ɗaya, bambancin na hannun mai ita ne. Wannan ya fi samun jitocin da ba na mutum ɗaya ba: ta coci da ake barin ta a kan mazauninta daga Lahadi zuwa Lahadi, ko ta situdiyo da kowa ke ɗauka ya ajiye. A mako an kaɗa ta awa biyar ko shida, batir kuwa ya yi aikin dare da rana.

Jitoci sun bambanta ƙwarai wajen ja. Kamfanin EMG, da aka kafa a 1976, ya yi suna da fikof masu jan wuta kaɗan, wajen mA 0.08 kowane ɗaya, kuma yana ƙiyasta musu awa 3,000. Tsohon firiyam na StingRay an gina shi a kan wani ɗan guntu mai lamba LM4250 da shi ma ƙanƙanin abu yake ja, shi ya sa masu irinta kan manta ma akwai batir a ciki. A ɗaya gefen, guntun TL072 da ake samu a kayan sauti da yawa yana jan kusan mA 3 shi kaɗai, alhali ɗan'uwansa TL062 bai kai rabin mA ɗaya ba. Firiyam mai maɓallai da yawa, ko mai 'yar fitila, yakan fi ja. Saboda haka idan abokinka ya ce batirinsa na shekara, naka kuma wata uku, ba lalle wani abu ya lalace ba.

Akwai wani ragi da dole a yi wa lissafin. Masu yin batir suna auna mAh ɗin nan ne har sai ƙarfin ya sauka zuwa wajen bolt 5, firiyam kuwa tun kafin nan ya fara shaƙewa. Ba dukan abin da ke cikin batirin za ka mora ba. In lissafi ya ba ka awa 500, ka sa wa ranka 300 zuwa 350.

Wanda yake son sanin abin da tasa jitar ke ja, aikin minti biyar ne da mitar masu gyaran rediyo. Juya mitar zuwa ma'aunin mA. Maƙala ƙafa ɗaya ta batir a mazauninta, ka karkata shi yadda ɗayar za ta zauna a sake, sannan ka sa bakin mita ɗaya a ƙafar batirin, ɗaya a ƙafar mazaunin. Soka waya a jita, karanta adadin. Sai ka zare wayar ka sake dubawa. Dole mitar ta koma sifili. Idan ba ta koma ba, ka kama ɓarawon: ko dai ƙafar jak ta lanƙwashe tana taɓa 'yar'uwarta, ko dalma ta zuba ta haɗe su, ko wani mai gyara ya juya wayoyin. Irin wannan jitar ce kaɗai ta cancanci a ce tana da cin batir, kuma sabon jak ya fi kwalin batura araha. Kada dai ka ɗora bakunan mitar kai tsaye a ƙafafun batir biyu alhali tana kan mA, fis ɗinta zai ƙone.

Yadda batir ke sallama

Alkalin ba ya mutuwa farat ɗaya, a hankali yake sauka, kuma yana ba da alama ga mai kunne. Abin da ke fara tafiya shi ne sararin da firiyam ke da shi na ɗaukar bugu mai ƙarfi. Ka taɓa tsirkiya a hankali, sauti tas. Ka fizge ta ko ka mare ta da babban yatsa, sai ka ji ƙarshen sautin ya yage, musamman a babbar tsirkiya ta E, ko ta B a jita mai biyar. Ƙara maɓallin kauri yana tsananta abin. Daga nan ƙarar ta ragu, sautin ya yi laushi marar daɗi, wani lokaci da tsatsa ko shuu a bayansa. Mutane da yawa a wannan gaɓa sukan tuhumi sifika ko waya, har a kai amfilifaya wurin gyara. Duk lokacin da jita mai batir ta yi wani baƙon kuka, fara da batir, shi ne gwajin da ya fi sauƙi.

Da mita a kan ma'aunin bolt, sabon alkalin yakan nuna wajen 9.5. Idan ya sauko 8, ya fara tsufa amma yana aiki. A ganina daga 7.5 zuwa ƙasa ba shi da hurumin hawa dandali, ko da firiyam ɗin bai fara ƙorafi ba. Ka auna shi yana cikin jita da waya a soke, domin batirin da ya huta yakan farfaɗo ya nuna adadin da ba zai iya riƙewa ba in aiki ya zo. Lasa da harshe da kowa ke yi tana bambance matacce da mai rai, amma harshe bai san bambancin 8.5 da 7 ba, kuma nan ne maganar take.

Wasu jitocin sun sauƙaƙa. Yamaha TRBX504, alal misali, tana da 'yar fitilar da ke kamawa idan batir ya yi ƙasa. Tana kuma da maɓallin kauce wa firiyam, kamar yadda G&L L-2000 da Sire Marcus Miller V7 suke da shi. Wannan maɓalli shi ne mafitar gaggawa: batir ya mutu ana tsakiyar waƙa, ka danna ko ka ja, sauti ya dawo. Sai dai a lura da abu biyu. A yawancin jitoci, kauce wa firiyam ba ya kashe shi, sautin ne kawai ya canza hanya, batir na nan na zuba muddin waya na jiki. Na biyu, dabarar tana aiki ne inda fikof ɗin kansa ba ya buƙatar wuta. Idan irin na EMG ne mai firiyam a cikin cikinsa, babu wata hanyar kaucewa, batir ya mutu kiɗa ya tsaya.

Wane batir za a saya

Kada ka bi sunan da aka rubuta da manyan haruffa, nemi 'yar lambar da ke gefe. 6F22 na nufin batirin zinki da gawayi ne, mai araha, wanda ya cika shagunanmu, sau da yawa da tambarin Heavy Duty a jikinsa. Abin da yake ɗauke da shi bai kai na alkalin ba, ƙarfinsa na saurin sauka, ba ya jure ajiya, ga saurin yoyo. 6LR61 ko 6LF22 shi ne alkalin. Ko a tafin hannu ana ji: alkalin na kai wajen giram 45, na gawayi bai cika wuce 38 ba. Tunda jabu ba ya ƙarewa a kasuwa, batirin da aka rubuta wa alkalin amma ka ji shi sakayau, ajiye shi. Duba kuma ranar ƙarewar wa'adinsa, don wanda ya shekara biyu a rumfa yana shan rana ba sabo ba ne ko da yana cikin leda.

Akwai na litiyam da ba a caji, mai kai wa mAh 1,200, kusan ninkin alkalin, ga juriyar ajiya da zafi. Tsada gare shi, wasu kuma sun ɗan fi kauri har su ƙi shiga akwatin. Halinsa ma daban ne: yana riƙe ƙarfinsa kusan har ƙarshe, sannan ya faɗi da sauri, gargaɗinsa gajere ne.

Masu caji fa? A nan ra'ayina bai yi daidai da na masu son tattali ba. Na NiMH yawanci bolt 8.4 ne, wasu ma 7.2, kuma mAh 200 zuwa 300 kawai suke ɗauka. Ka ga tun daga farko sun fara daga inda alkalin ke tsufa, sannan da yawansu na zubar da cajinsu ko ba a taɓa su ba. Sababbin nan na litiyam da ake caji da wayar USB, da yawa a cikinsu akwai ɗan injin da ke ɗaga ƙarfin ya tsayar da shi a bolt 9. Injin nan yakan saka wani siririn fito a cikin sauti, kuma mita za ta yi ta nuna maka 9 har zuwa daƙiƙar da zai ɗauke gaba ɗaya. Batir mai caji ya dace da abin da ke shanye batir cikin 'yan awanni, kamar makirfo marar waya. Jitar da alkalin ɗaya ke kai wa wata shida ba ta da wannan buƙata.

Jita mai batir biyu, kamar Sire ɗin da aka ambata, an jera su ne don a sami bolt 18. Ƙarin sarari ne ga bugu mai ƙarfi, ba ninkin kwana ba, domin wutar da ke bi ta ɗaya ita ke bi ta ɗayan. A canza su tare, iri ɗaya, daga kwali ɗaya. Sabo da tsoho in aka haɗa, tsohon ne zai ƙare ya ja sabon ƙasa, kuma shi ne zai fara yoyo. Kada kuma a ƙara wa jita mai bolt 9 batir na biyu sai an tabbatar daga takardar kamfanin cewa firiyam ɗin zai ɗauka.

Canzawa, da zafin ƙasarmu

Fara da rage ƙarar amfilifaya, sannan ka zare waya, in ba haka ba ƙarar fas ɗin da za ta fita ba ta yi wa sifika daɗi. Idan akwatin batir mai murfin ɗagawa ne, dubi alamar + da − kafin ka tura. Idan kuwa irin mai sukuru ne da 'yar hula mai maɓalli biyu, a nan ake ɓarna. Wayoyin hular nan sirara ne ƙwarai. Kama hular kanta ka ɓanɓare ta daga gefe, kada ka ja waya. Hular da ta saki, ɗan matse bakin mai faɗin da filaya, don sakakkiyar hula na kawo yankewar sauti da ake ɗauka mutuwar batir ce. Naɗe batirin da ɗan soso kafin ka mayar, saboda gwangwaninsa ƙarfe ne, in yana yawo a ciki zai iya taɓa wata ƙafa ya haɗe wuta. Sukurorin murfin kuwa katako suke ci, kada a ɗaure su da ƙarfi. Ramin da ya gaji, tsinken sakace da ɗigon gam na gyara shi.

Kafin ka rufe, rubuta kwanan wata a jikin batirin ko a ɗan salatif a bayan murfin. Daga nan sai ka yanke wa kanka wa'adi maimakon jiran alama. Mai kiɗa kowane mako, wata shida ya isa. Mai kiɗan biki da ke fita kusan kullum, wata uku. Gaban babban taro ko ɗaukar sauti a situdiyo, sa sabo ko da na ciki bai gaji ba, tsohon ya koma na gwaji a gida ko na mita.

Alƙaluman da kamfanoni ke bugawa an auna su ne a ɗaki mai sanyin digiri 20 ko 21, inda alkalin ke rasa kashi biyu zuwa uku cikin ɗari kawai a shekara in yana ajiye. Wanda ke Sakkwato, Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ya san ba da shi ake ba. Zafi na hanzarta zubar caji, yana kuma tsananta yoyo. But ɗin mota da rana, ko ɗaki mai rufin kwano a rufe, ba wurin jita ba ne, don ko katakon wuyanta ba ya so. Ba sai an kai ga saka batir a firji ba, raɓar da ke kwanta masa in an fito da shi tana kawo tsatsa. Inuwa da busasshen wuri sun wadatar.

Batirin ko-ta-kwana ya zauna a jakar jita, tare da sukundireban da ya dace da murfin, don batir ba abin buɗewa bai tsinana komai ba. Ka bar shi cikin ledarsa ko ka rufe ƙafafunsa da salatif. Ƙafafun nan biyu suna dab da juna, makulli ko kwabo ɗaya ya isa ya haɗe su, batirin ya yi zafi ya ƙare a cikin aljihu, wani lokaci har ya ƙona abin da ke kusa. Wanda aka cire ma a rufe masa ƙafafu kafin a yar.

Idan jita za ta yi wata biyu ko fiye ba a taɓa ta ba, cire batirin gaba ɗaya. Mataccen batir da aka manta a ciki shi ke fashewa ya zubo da farin gari mai cin ƙarfe. In hakan ta riga ta faru da alkalin, sa safar hannu ko leda, ka goge wurin da auduga da aka ɗan jiƙa da ruwan lemun tsami ko binega, ka bi da wata mai ruwa kaɗan, ka bari ya bushe sarai. Hular da ta yi kore kada a tsaya kankare ta, mai gyaran rediyo zai sauya ta da ɗigon dalma biyu. Sai dai ka tsaya a kansa ya mayar da jar waya inda ja take, baƙa kuma a ƙafar jak, domin ba kowane firiyam ke jure a juya masa wuta ba.